Ajin Kurame da Bangon Aji Huɗu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Mu ma lafiya lau, sai dai barci ya ƙaurace mini.

Yaya, tsarin nan da kuka fito da shi a ma'aikatar ilimi ya iso mana. An ce yanzu kuɗin makaranta ƙaramar hukuma ake turo wa, ita kuma ta ba kowace makaranta kasonta, kwamitin iyaye su yanke abin da za a yi da shi. Ni suka zaɓa a madadin mata, wai ina da baki. Da na sani da na zauna a kan keken ɗinkina.

Ka san ajin kurame da Auta take ciki. A da daga wajenku ake biyan malamarsu, yanzu sai dai daga kason makaranta. Ga kuma bangon aji huɗu, ajin 'Yar Baba, ya tsage tun daga taga har ƙasa. Na sa hannuna a ciki, ya shige har wuyan hannu. Magini ya ce ba zai ga ƙarshen damina ba. Hedimasta ya ce kason ba zai ɗauki biyun ba, ko bango ko malama, kuma hannu za mu ɗaga.

Duka 'ya'yana ne, Yaya. Babansu yana kan hanya da babbar mota, in na kira shi sai ya ce in yi abin da na ga ya dace. Kai ne a ofis. Don Allah ka yi magana da wani.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na kuma gode da gaisuwa. Ina fatan Allah Ya ƙara muku lafiya.

Da farko ina so ki fahimci cewa manufar tsarin mai kyau ce. Mu da ke zaune a babban birni ba mu san bangon da ya tsage ba, ku da ke wurin ku kuka sani. Shi ya sa aka mayar da iko hannunku. Kuskuren da aka yi, an raba kason ne bisa yawan ɗalibai, ba a duba cewa yaro kurma ɗaya yana buƙatar abin da ya fi na mai ji ba. Na faɗi haka a wurin taro, ba a saurare ni ba.

Batun in yi magana da wani kuwa, sashenmu da ke kula da irin su Auta an rushe shi. Tebur kawai nake gadi, ina jiran in ji inda za a jefa ni. Kada ki gaya wa Inna, hawan jininta ya ishe ta.

Shawarata, ku rubuta wa ƙaramar hukuma. Ranar taro kuma kada ki ɗaga hannu ko ta wane ɓangare. Idan abin ya ƙi, akwai makarantar kwana ta kurame a nan kusa da ni.

Wassalam.
Yayanki.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, hannuna ne ya ƙi riƙe biro.

Mun je ƙaramar hukuma da ƙafarmu, ni da hedimasta. Sakatare ya ba mu kujera da ruwan sanyi, ya ce ai an ba mu 'yanci, mu yi amfani da shi.

Ana gobe taro aka yi ruwa da iska ana tsakiyar darasi. Ina ɗinki na ji mata suna gudu a layi suna salati. Ko mayafi ban ɗauka ba. Na tarar da yara a fili jiƙe sharkaf, 'Yar Baba kanta fari fat da ƙasar gini. Wani ɓangare na saman bangon ne ya faɗo a kan bencin da ke gabanta. Masu bencin sun fita wanke allo, Allah ne kawai Ya tsare.

A wurin taro wani mai shagon magani ya miƙe ya ce, "Aji guda cike da yara, za mu bar bango ya danne su saboda 'yan kuramen da ba su cika benci biyu ba?" Kakar wani yaro kurma ta ce, "To mu namu ba mutane ba ne?" Sai kowa ya juyo yana kallona. Ka ce kada in ɗaga hannu. Amma hannaye sun zo daidai, nawa ne ya rage. Na ɗaga wa bango.

Malamar kuramen tana zaune a bayan ɗaki. Da aka tashi ta kama hannuna ta ce, "Maman Auta, da ni ce ke haka zan yi." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙarshen zangon nan za ta tafi, tana da marayu a gabanta, ba za ta iya aikin sa-kai ba.

Ka tuna Auta kafin malamar nan? Yadda take buga kai da ƙofa in ba a gane abin da take so ba? Yanzu tana rubuta sunanta, har tsokanar yayarta take yi da hannu wai kunnuwanta manya ne amma ba ta jin magana. Ina tsoron ta koma gidan jiya. Ina kuma tsoron makarantar kwanan. Idan wani ya cuce ta a can, da wane baki za ta faɗa, kuma wa za ta faɗa wa? Jiya ta ga Malama tana cire hotunan bango, ta zo tana tambayata da hannu. Abin da na iya a yarensu bai wuce ci, sha, zo, bari ba. Sai na ce mata ta zo ta ci abinci.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Amin wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a ofis, sai da na fita waje.

Na je makarantar kwanan da kaina ba tare da na sanar da su ba. Ba zan ɓoye miki ba: ɗakin kwanan ya cika, wasu bibbiyu suke kwana a gado, su ma kasonsu ya ragu. Amma na ga yara suna hira da hannu suna dariya, kuma uwar ɗakin kwanansu ita ma kurma ce. Sun yarda su karɓi Auta. Duk ƙarshen mako zan ɗauko ta gida, ni da yarana mun fara koyon yaren. Yaran sun ce hannuna ya fi bakina nauyi.

Ban isa in ce miki babu abin tsoro ba. Ke za ki yanke.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Muna tafe ranar Asabar a motar safe, ka tare mu a tasha. Na ɗinka wa Auta kaya, na rubuta sunanta a cikin kowace riga.

Ban gaya mata ba tukuna. Yau na je wurin Malama ta koya mini yadda ake cewa "zan dawo". Ina ta gwadawa a gaban madubi, amma hannuna bai saba ba tukuna, ina tsoron kada ta karanta wani abu dabam.

Ka yi mana addu'a.
Ƙanwarka.