Kwamfutar maigidana ta daina kuka

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, mai kula da zaure a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ƙanwata ce ke buga min wannan a ofishinsu, ni karatuna bai yi nisa ba.

Muna zaune a Tiga, maigidana yana rubuta wa wata ƙungiyar manoman rani tsarin kwamfuta da zai riƙa raba musu ranakun ban ruwa, ga kuma maganar da ake ta yi cewa shekarar dubu biyu za ta rikita kwamfutoci. A falo ya kafa kwamfutarsa. Ya haɗa ta yadda duk gyaran da ya yi, ita da kanta za ta harhaɗa aikin ta gwada shi, in lafiya ta yi ƙit sau ɗaya, in da matsala ta yi ta kuka kamar ɗan tsako. Ina tuƙa tuwo ina jinta, har tsokanarsa nake, in ce Baban Ummi 'yarka ta farka.

To kwanakin baya kullum kuka take, har maigida ya daina cin abinci sosai. Rannan sai ga ƙit, ko minti biyu bai yi da zama ba. Na yi masa barka ya amsa a ciki. Da wani abokinsa ya zo ina kai musu kunu, na ji maigida yana ce masa gwajin gonakin ƙarshen kwatar ban ruwa ne ya ƙi wucewa, sai ya cire shi kawai, in an karɓi aikin ya gyara daga baya.

Jama'a, tumatirin Yayana a ƙarshen kwatar yake, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu. Tsorona kada rabon ruwan ya tsallake su tumatirin ya bushe. Na yi wa maigida magana a hankali, ya ce tun yaushe na fara karanta kwamfuta da kunne, wai in maganar ta fita za a ƙwace aikin, kuma zai san daga bakin wa ta fita.

Ranar kasuwar Kafin Maiyaki zai miƙa aikin, ranar Yaya ke biyowa gaishe ni, kuma ya saba tambayata ko ya ƙara dashe, tunda maigida ke tsara rabon ruwan. In ce masa ya dasa, ko in faɗa masa abin da na ji? Me zan ce masa?