Akwatin Zaɓe a Ƙofar Gidan Surukina

Zuwa ga Jami'in da ke kula da harkar zaɓe a gundumarmu,
Salaga.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Allah ya taimake ka a kan nauyin da aka ɗora maka.

Ranka ya daɗe, sunana Isaka Fuseni. Tela ne ni a zangon Salaga, unguwar Hausawa da jikokin fatake, rumfata tana kallon inda ake lodin doya. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakanmu kuwa fataucin goro ne ya kawo shi. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, ban ma so a fara da wannan ba. Amma a taron da ka kira bayan zaɓen majalisar gunduma, ka tashi a gaban jama'a ka ce samarin zango ba su damu da zaɓe ba, shan shayi da hirar ƙwallo suka sani. Ina wurin, a baya nake tsaye. Wallahi maganar ta ci ni, har yau ba ta sake ni ba. Gaskiya ne ba mu fito ba. Sai dai ba ka tambayi dalili ba, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa maka.

Na ɗaya. Abin da muke nema a zaɓen nan ruwa ne, ba wani abu ba. Gefen unguwarmu na gangare daga tafki muke sha, tafkin da shanu ke shiga. Duk shekara kurkunu yana kwantar da mutane, manoma da masu dako da yara. An ce za a haƙa rijiyar burtsatse guda a yankinmu, kuma bakin wakilin unguwa a majalisa shi ne zai fi tasiri wajen zaɓar inda za a sa ta. Malam Sulemana, malamin firamare, wanda shi ma daga tafkin nan yake sha, ya fito takara da wannan maganar ɗaya tak. Mu samari muka bi shi. Ni da hannuna na ɗinka tutocinsa, na bi gida-gida ina roƙon mutane su yi rajista. Ƙanena Haruna ya bar albasarsa a Bawku ya hawo mota don ya jefa ƙuri'a. Masu kifi sun zo daga Makango, wasu direbobi sun kwana a gari maimakon su wuce Yendi. Waɗannan su ne mutanen da ka ce ba su damu ba.

Na biyu. Rajista a makarantar firamare muka yi ta, kowa ya ɗauka a can za a yi zaɓe. Sai iskar ƙarshen damina ta yaye rufin ajin. Ma'aikatanka suka zo neman wani wuri, suka tambayi dattawa, dattawa kuma cikin karamci suka ce ga inuwar babbar bishiyar da ke ƙofar gidan Alhaji, ai babu inda ya fi ta sanyi da fili. Ba su yi ƙarya ba. Amma inuwar nan ita ce majalisar dattawan unguwa tun kafin a haife ni. A nan suke shimfiɗa buzayensu daga hantsi har magariba. Alhajin nan kuma surukina ne, mahaifin matata.

Kai ba ɗan gari ba ne, don haka ban ga laifinka a kan rashin sani ba. Laifin da na gani shi ne ba a tambayi ko saurayi ɗaya ba. Da an tambaye mu, da mun ce: a unguwar nan, idan hanya ta bi da kai ta wurin bishiyar, tun daga nesa kake cire takalmi, ka durƙusa, ka gaida su ɗaya bayan ɗaya, ka tashi a sunkuye. Wanda yake da suruki a cikinsu kuwa ba ya ma bi ta nan, zagayawa yake yi ta bayan masallaci. Shekara tara ina auren 'yar Alhaji, ban taɓa tsayawa a miƙe a gabansa ba, ban taɓa shan ko ruwa yana kallo ba. Kuma gidajenmu na asalin fatake duk auratayya ce ta haɗa su. Da wuya ka sami saurayi mai aure wanda ba shi da suruki ko kawun mata a kan buzayen nan. Matan aure masu ƙuruciya abin ya fi musu tsanani, don ba wadda za ta je ta tsaya ƙerere a gaban uban mijinta.

Na uku, abin da ya faru ranar. Dattawa suka fara jefa ƙuri'arsu, haka ya dace. Muka taru a bakin kwana muna jira su tashi. Ina! Kowa ya gama sai ya koma kan buzunsa, taku kaɗan daga inda ake dangwala yatsa. Ga layi ya miƙe ta gabansu, dole mutum ya tsaya da takalminsa, ya ba su baya ko ya tsaya musu a ka. Waɗanda suka daure suka shiga layin ma ba su ci gaba ba, domin duk babban da ya iso sai a matsa masa ya wuce. Haruna ya shiga tun hantsi, rana ta take yana nan inda yake, har ma ya ɗan ja baya. Ya fito yana huci, ya ce shi da ya sani da bai bar albasarsa tana ruɓewa ba. Ga wani abu kuma: abokin takarar Malam Sulemana ɗan'uwan wasu daga cikin dattawan ne, labulen zana da aka kafa kuwa bai kai kafaɗa ba. Ko ba wanda yake leƙenka, jikinka yana ba ka ana kallonka.

Muka ce to, bari azahar ta yi, dattawa za su shiga masallaci. Aka kira salla, sai suka ce kada a bar baƙi su kaɗai, aka kawo butoci, suka yi sallarsu a nan gindin bishiya, ma'aikatanka Musulmi suka bi sahu. La'asar ma haka. Samari suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wannan ya ce zai leƙa shago, wancan ya ce zai dawo. Ba wanda ya dawo. Ba a kore mu ba, ba a tsorata mu ba, ba a ko ɗaga mana murya ba. Kunya ce kawai, irin wadda aka raine mu da ita.

Na huɗu. Da aka ƙirga, Malam Sulemana ya faɗi. Tazarar ba ta kai yawan samarin da suka tsaya tare da ni a bakin kwanar nan ba, kai kanka kana da takardun, ka duba. Wanda ya ci mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai a tudu yake zaune, gidansa da rijiya mai kyau. Da maganar burtsatse ta zo, aka haƙa ta a tudu kusa da tasha. Ya ce a can mutanen da suka zaɓe shi suke. Na ji haushi, amma me zan ce masa? Su sun fito.

Mu muna nan da tafkinmu. Muna tace ruwa da ƙyalle kamar yadda ma'aikatan lafiya suka koya mana, amma yaro idan ƙishirwa ta kama shi a hanya ba ya jiran ƙyalle. Yanzu haka da nake rubutun nan, 'yata Azara, mai shekara bakwai, tana kwance da kurkunu a ƙafarta ta hagu. Kullum da safe uwarta tana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, don idan ya tsinke a ciki ƙafar za ta iya lalacewa. Ni nake riƙe ta. Ihun da take yi yana sa maƙwabta su bar abin da suke yi. Zangon karatu guda ya wuce ta, gwiwar kuma ta fara ƙin miƙewa. Ina tsoro, ranka ya daɗe. Ina tsoron yarinyar nan ta tashi da ɗingishi har ƙarshen rayuwarta, ga ƙannenta biyu suna shan ruwan da ta sha.

Na biyar, kuma wannan ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ni ma ban jefa ba. Ni da na ɗinka tutoci, ni da na cika wa mutane kunne. Sau uku ina tunkarar bishiyar da katin zaɓena a aljihu, sau uku ina hango farar hular Alhaji in juya. Na ƙarshe har na cire takalmi na riƙe a hannu, sai na sake juyawa.

Makon jiya Alhaji ya zo duba jikarsa. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Da zai fita, ina durƙushe a zaure, sai ya tsaya ya ce, “Malam Isaka, wai me ya hana ku fitowa ranar nan? Ni fa malamin makarantar nan na zaɓa, saboda jikokina. Na ƙi tashi daga wurin har aka rufe akwati, ina ta duba hanya in ga kun zo.” Na sunkuyar da kai na ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba, kuskure ne.” Abin da na iya faɗa ke nan. Ya girgiza kai ya tafi, yana ganin surukinsa malalaci ne wanda bai damu da 'ya'yansa ba.

Don haka ga roƙona. Kafin zaɓe mai zuwa, a mayar da akwati makaranta, ko rufin bai gyaru ba. Mun yarda mu tsaya a rana. Idan makaranta ba ta yiwu ba, a sa shi a filin ƙwallo ko bakin kasuwa, wurin da ba ƙofar gidan kowa ba. A yi layin mata daban, a ɗaga labulen ya rufe mutum. In za a sake wuri, a tambayi samari da matan aure su ma, kuma a tambaye su a inda babu dattijo a zaune, don in yana nan “to” kawai za ka ji. Abokan kasuwancin Haruna sun ce akwai unguwanni a Yendi da Bawku da ake kafa akwati a ƙofar manya, ka gaya wa takwarorinka na can su bincika kafin su zagi samarinsu. Sannan ina roƙonka, cikin ladabi, ka janye maganar shayi da ƙwallo a gaban mutanen da ka faɗe ta. An ce akwai wata rijiyar a gaba. Ba ma so ita ma ta wuce mu.

Na san takardar nan za ta zaga gari, na kuma san akwai wanda zai karanta wa Alhaji ita a gindin bishiyar. Baba, ka gafarce ni. Ba lalaci ba ne, ba kuma raini ba. Kai muka gani a zaune, muka kasa ƙarasowa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ranka ya daɗe, ya kare ka daga sharrin masu sharri, ya sa ka gama aikinka lafiya. Allah ya ƙara wa dattawanmu tsawon rai. Wanda duk ya karanta, ya sa Azara a addu'a, Allah ya miƙar da ƙafarta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isaka Fuseni, tela,
Zangon Salaga.