Bandar rago a cikin dankali da cuku

Zuwa ga ƙanena Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da abokan sana'a a mahauta. Yaya ƙafar taka? Mu nan Greensboro ta Amurka sai godiya. Ɗanka Habu ke rubutawa, na ce kada ya gyara mini magana.

Ranar Asabar matarsa ta gayyaci malaman jami'arsu cin abincin hantsi, har da Hausawa biyu. Maƙwabciya ta koya mata gashin dankalin turawa da cuku, amma da naman alade suke yi. Ta ce za ta sa naman kanti. Na ce ba na cin abin da ban ga yankansa ba.

Aka kai ni wata gona a McLeansville, na yanka rago. Na sa wa cinyar gishiri, na yi banda a rabin ganga, yadda Baba ya koya mana. Habu ya yi ta mitar hayaƙi. Ka dai san tun da ya shiga boko yake ɓoye cewa mu mahauta ne.

Matar Habu ta sa bandar a cikin dankalin, baƙi suka cinye tas. Wani Bakano ya ce, "Dakta, wa ya yi wannan banda?"

Habu ya kalli faranti. Sannan ya ce, "Babana. Gadon gidanmu ne."

Gishirin dai ya ɗan yi yawa.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Inna Dije da mutanen gida.

Yayanka,
Garba