Jan Ɗigo a Rafin Guza

Rafin Guza, Kaduna
12 ga Mayu

Zuwa ga Uwata, Umaima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman Ife da barkononsu? Mu nan lafiya lau, in ban da kunnen nan da injin buga bulo ya cinye, wanda in kin kira waya kina tambayar jikina ina ba ki labarin farashin siminti. Shi ya sa na koma ga biro. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu ne, shi ma rabinsa ta taga na yi shi.

Saƙonki ya iso ta hannun direban tashar Kawo. Babban hoton nan na duniya da kika ce daga cikin kumbo aka ɗauka, na kafa shi a zaure da ƙusa huɗu. Hamisu mai faci, wanda ya gama sakandare kuma ba ya bari mu manta, ya leƙo ya ce na kafa shi a kife. Na ce masa shekara arba'in ina gini ban taɓa ganin inda aka rubuta wa duniya "nan ne sama" ba. Ki raba mana gardama.

Sai ƙananan hotuna ukun nan na unguwarmu da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, na shekara ashirin da suka wuce, da na goma, da na bara. Na ga abin da kika rubuta a bayansu, wai in duba yadda kogin Kaduna ke matsowa, in tattara in koma gidan yayanki Kabiru a Malali kafin Agusta. To na sa tabarau na duba. Inda kika zagaye da biro kika ce gidanmu ne, me na gani? Ja. Duk rufin maƙwabta toka-toka, namu ne kaɗai da jan ɗigo a tsakiya. Uwata, ke kika yi digiri, amma ni ne magini. Ja a ƙasa sunansa jar ƙasa, ƙarƙashinta marmara, ita ce magini ke roƙon Allah ya ba shi. Bakin kogin ma duk ja ne. Tauraron naku da kansa ya ba da shaida cewa gidan Rabe a kan tudu yake. Na kai hoton majalisa bayan la'asar, har Shu'aibu mai lambu ya ce in sayar masa da rabin tsakar gida.

Saboda haka ba inda za ni. Ki gode wa tauraron a madadina.

Allah ya yi miki albarka. Naki,
Babanki, Rabe Magini

*

Ile-Ife
24 ga Mayu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka da kyau, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi kuma kana shan maganin a kan lokaci.

Batun hoton zaure, kai ne da gaskiya. An ɗauke shi a shekarar 1972, kuma yadda ya fito daga kyamara kudu ce a sama. Daga baya aka juya shi don ya dace da taswirar da mutane suka saba gani. Ka bar shi yadda ka kafa.

Amma Baba, jan nan ba jar ƙasa ba ce. Kyamarar tana ganin wani haske da idonmu ba ya gani, wanda ɗanyen ganye ke mayarwa sama, mu kuma a wurin aiki muke ba shi launin ja don mu bambanta shi da sauran. Duk inda ka ga ja, shuka ce mai rai. Jan bakin kogi ciyawar fadama ce. Jan ɗigon gidanmu kuwa mangwaron Mama ne. Ranar da na fara gane shi a kwamfuta sai da na fita waje na zauna.

Na auna hotunan uku. A na farko, tsakanin katangarmu da gaɓar kogi mita ɗari da arba'in. A na biyu, tamanin. A na bara, talatin ba su cika ba. Ruwan yana cin gaɓar ta ɓangarenmu ne saboda a wajen kwanar muke. Ba ina cewa lallai bana ne ba, Allah ne masani. Ina roƙonka ne kawai ka yi damina a Malali. Yaya Kabiru ya ce ɗakin baƙi a share yake.

Ka yafe mini in na yi tsaurin ido.

'Yarka mai biyayya,
Umaima

*

Rafin Guza
29 ga Yuni

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na san na yi shiru wata guda, ba biro ne ya ƙare ba.

Na karanta wa Hamisu rabin farko na takardarki a gaban jama'a, sau biyu. Rabi na biyu na bar wa kaina. Sai dai Shu'aibu ya janye tayinsa, kin ga alamar labari ya fita.

Bari in gaya miki gaskiya, tunda takarda ba ta kallon idon mutum. Ni na haƙa harsashin gidan nan da hannuna. Na san abin da shebur ya fito da shi: baƙar laka, mai danƙo, a ƙafa uku ruwa ya fara tsattsafowa. Ban taɓa mantawa ba. Amma da na ga jan nan sai na ce wa kaina wataƙila daga sama an fi ni gani, wataƙila akwai marmara can ƙasa da ban kai gare ta ba. Tsoho in yana son abu, har tauraro sai ya yi wa fassara.

Ba ki san tarihin bishiyar nan duka ba. Shekarar da aka yaye ki, uwarku ta sha wani mangwaro da aka kawo mata daga garinsu, ta ce ba ta taɓa shan irinsa ba, ta binne ƙwallon taku shida daga bangon ɗakina. Na yi mata bayani na ilimi, na ce saiwa da harsashi ba sa zama gida ɗaya. Ta ce to in gaya wa harsashin ya yi haƙuri. Da bango ya fara tsagewa na aro gatari, na shigo da shi a kafaɗa kamar mutumin kirki. Na tarar ta shimfiɗa tabarma a gindinsa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, in ka gama da ni sai ka fara da shi." Na mayar da gatari, na sayo siminti. Sau bakwai na liƙe tsagar nan a rayuwarta, sau biyu bayan rasuwarta. A nan gindinsa ta yi jinyarta ta ƙarshe, ke kina jarrabawa ba mu gaya miki yadda jikin ya yi ba.

Yanzu kin ce daga can sama, inda ba a ganin katangata, ba a ganin zauren da na yi wa ado, ba a ganin ko bulo ɗaya na shekara arba'in, abin da ake gani a gidan Rabe shi ne abin da Rabe ya so ya sare. Na yi dariya har na yi tari. Daga baya kuma ba dariya na yi ba.

Kabiru ya zo ranar Asabar da motar ɗaukar kaya. Na ba shi fura, na tambaye shi ko motar tana ɗaukar bishiya. Ya ce a'a. Na ce to ya gaida gida. Ya tafi yana fushi irin na ma'aikatan gwamnati, a hankali, da sallama.

Na auna daga katanga zuwa gaɓar kogi da tef ɗina jiya. Ashirin da shida. Tauraronku bai yi ƙarya ba, ku riƙe shi da kyau. Amma kowace safiya in na fito alwala, bishiyar nan nake fara gani, kuma ban san yadda ake fitowa alwala a Malali ba.

Ki ci abinci. Allah ya tsare.
Babanki

*

Ile-Ife
21 ga Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarka.

Ba zan sake kawo maka lissafi ba, ka fi ni sanin ƙasar. Abu ɗaya zan gaya maka. Tauraron yana wucewa ta kan Kaduna duk bayan 'yan kwanaki, kuma tun rasuwar Mama duk hoton da ya sauko sai na buɗe na nemi ɗigon nan kafin in fara aiki. In na gan shi sai in ce Baba yana nan. Irin wannan kyamarar ba ta ratsa girgije. Tun farkon watan nan hoto huɗu ya sauko, duka fari fat. Ba kogi, ba unguwa, ba kowa. In na kira ka ba ka ji na. Haka zan zauna har Oktoba.

An ɓoye mini jinyar Mama don kada in faɗi jarrabawa. Na ci jarrabawar, Baba. Kada a sake yi mini haka.

'Yarka,
Umaima

*

Malali, Kaduna
18 ga Agusta

Uwata,

Assalamu alaikum. Ki duba adireshin sama da kyau, ba kuskuren aji huɗu ba ne.

Kafin in taso na yi wa mangwaron uwarku aure. Kada ki firgita, haka masu lambu ke kiransa. Shu'aibu ya yanko rassa huɗu, muka kai Rigachikun wurin ƙaninsa mai renon dashe, aka tsaga ƙananan bishiyoyi aka ɗaura rassan a kai da leda. Shu'aibu ya ce ƙwallo yana iya canza hali, amma reshe in ya kama, bishiyar ce dai ba wata ba. Ni ne waliyyi, Hamisu shaida. Ba a yi walima ba.

Ruwa ya shiga layinmu ranar Talata da hantsi. Hamisu ya je ya gani, ya ce ya kai taga, katangar baya ta kwanta. Bishiyar tana tsaye cikin ruwa, ba wanda ya san ko za ta kai rani.

Uku daga cikin auren sun mutu. Na huɗun, jiya na ga ya fito da ganye biyu, ƙanana kamar kunnen ɓera. Na ɗauko shi, yana cikin bokiti a ƙofar ɗakin baƙi. Kabiru ya nuna mini inda zan dasa, can nesa da gininsa. Na ce masa to. Idan ya tafi ofis zan duba wurin da kaina.

Ki yafe mana abin da muka ɓoye miki. Ki kwantar da hankalinki, ki yi karatu.

Babanki,
Rabe