Tabarauna da Zoben Zuhal

Babana,

Kafin ka sake sa wani littafi a cikin saƙo zuwa gidan nan, ka zauna ka karanta takardar nan har ƙarshe. Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara muku rufin asiri. Mu ma lafiya lau, ƙafar babanku ta yi sauƙi har yana taka ta zuwa masallaci.

Littafin taurarin da ka aiko wa Auta ya hana mu sakat. Sati uku ke nan ba ta da zance sai Zuhal. Ina tsakiyar yanka yadi za ta tsaya a kaina tana gaya min ita ce ta shida daga rana, wai duk girmanta iska ce, babu ƙasar da mutum zai taka. Wai zoben da ya kewaye ta gutsattsarin ƙanƙara ne da duwatsu. Wai shekararta ɗaya ta kai tamu ashirin da tara, don haka a can kai ma yanzu ka fara tafiya. Na ce mata ni ma na yi sakandare, ban ji an ce sanin Zuhal yana wanke kwanuka ba. Duk da haka na haƙura, tunda ilimi ne.

Ran Laraba na ɗauki tabarauna a kan keken ɗinki, sai yatsana ya wuce ta cikinsa. Ashe yarinyar nan ta ɓalle gilasan biyu, ta manna su da gam a bakin dogon kwalin da ake naɗo yadi a kai, wai ta yi madubin hangen zoben Zuhal kamar na hoton littafinka. Har da ba ni in leƙa. Na leƙa, ban ga komai ba sai tankin ruwan maƙwabta a kife. Babanku, maimakon ya tsawata, dariya ya yi ta yi, wai gidansa ya samu masaniya.

Mai gyaran tabarau ya ce gam ya ci gilasan, sabo sai bayan kwana goma. Ga yunifom ɗin 'ya'yan malamar asibiti guda uku da na yi alkawari ran Asabar, makaranta kuma Litinin. Na zaunar da Auta kusa da ni tana zura min zare tana karanta min awo, da ƙyar muka gama biyu. Na ukun na kai shi da kaina a yanke ba ɗinki, na ba matar nan haƙuri. Shekara ashirin ina ɗinki a unguwar nan ban taɓa saɓa rana ba, sai da Zuhal ta shigo min gida. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kai kuma ka san ƙanwarka.

Ka gaida min surukata da jikana, ɗan mijina mai sabon haƙori. Babanku da goggonka suna gaishe ku. Auta ta ce in tambaye ka littafi na biyu, na ce za ta ji amsa.

Ga amsar, ku ji ku duka. Daga yau duk littafin da ya shigo gidan nan ni zan fara karanta shi, in san abin da zan ɓoye. Wanda kuma yake son kallon sama, ya kalla da idon da Allah ya ba shi, ya bar min nawa.

Mahaifiyarka