Faifan Yaya Sagiru Ya Yi Shiru

Kura, daren Talata, Maris 2008

Yau faifan kwamfutar Yaya Sagiru ya mutu, kuma wallahi ko a jikina.

Sati uku ina jin sa a shagonmu na intanet yana gurnani kamar injin casar shinkafa. Finafinai Yaya ya sauke ta torent, manhajar nan ta musayar fayil a intanet, ya bar su duka a buɗe, mutanen duniya suna ta ja. Wai ƙa'idar ruwan kanal ce: in ka shayar da gonarka, sai ka sakar wa na ƙasa. Ni na san faifan karatu yake ba hutu, sai ya ƙone. Ranar da na ce ya rage, a gaban kwastomomi ya ce, "Kai da ka faɗi jarrabawa sau biyu ne za ka koya min kwamfuta?" Aka kwashe da dariya.

Yau da azahar faifan ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya. Aikin kammala digirin Yaya na ciki, shekara guda yana auna tumatir a Kadawa, bai kwafa ko'ina ba. Ya zo ido jawur: "Ƙanina, don Allah duba min." Na kara kunne a jikin kwamfutar, na daɗe, don dai ya ji a jikinsa. Sannan na ce, "Yaya, ai na ƙasa sun sha. Gonarka ce ta bushe."

Duk sati ukun nan filashina na adana bayanai yana aljihuna. Minti biyu ya ishe ni in kwafe masa aikin. Kullum sai na tuna, kullum sai na fasa.