Fankar Loretta

Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa daga Yukon, nan arewacin Kanada. Ya ƙafar Mama, kumburin ya saɓe? Ya su Dermot da makaranta? Ni lafiyata lau, jinyar Baba Wilbur, tsohon da nake wa aiki, ba wani wahala ba ne, kada ki tayar wa kowa da hankali.

Abu ɗaya ne dai. A kan murhun itacensa akwai 'yar fanka, irin wadda zafin murhu kaɗai ke juyawa, tana kora ɗumi ɗakin kwana. Matarsa marigayiya Loretta ce ta saya. Tun da tsufa ya rikita shi, gani yake numfashinta ne. Da ta rage gudu sai ya hau cusa itace.

Ranar Talata na fita kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa, na dawo na tarar bututun hayaƙi ya yi jawur, bangon katako har ya fara ƙauri. Ga ƙanƙara ta toshe hanya, 'yan kwana-kwana ba su da ta zuwa.

Na ce, "Baba, ƙona mu za ka yi!"

Ya ce, "Ke yarinya, kin taɓa zama kina kallo numfashin mutum na tsayawa?"

Da wutar ta lafa, na ɓoye fankar. Ya ƙi ci, ya ƙi sha, dole na mayar.

Ki turo min safar ulun nan da Mama ta saƙa, kuma ku sa ni a addu'a ranar Lahadi. Itacen yanzu a rumfa nake kullewa, ɗaya-ɗaya nake ba shi. To amma yau da safe na ga kujerar kicin saura ƙafa uku gare ta, ta huɗun ta tafi murhu.

Ƙanwarki,
Verna